Yadda ake cin abinci a gidan abincin gargajiya na Sikotland a tsohon garin Edinbara

Edinbara, babban birnin Sikotland, shi ne wanda za ka gani an rubuta Edinburgh a allon tashar jirgi. Gari biyu ne a haɗe, tsoho a kan tudu da sabo a ƙasa, kuma hukumar UNESCO ta sa duka biyun cikin wuraren tarihi na duniya a 1995. Gidajen abincin gargajiya da baƙi suka fi nema suna tsohon garin, a titin Royal Mile da ya gangaro daga ganuwar Edinburgh Castle har fadar Holyrood, da kuma Victoria Street da Grassmarket. Gine-gine da yawa a Royal Mile na ƙarni na 16 da na 17 ne. Gidan abincin The Witchery da ke dab da ƙofar ganuwar, alal misali, an buɗe shi a 1979 cikin ginin da yake tsaye tun ƙarni na 16.

Ɗalibi ko baƙon da ya shiga irin wannan wuri karon farko yakan zuba ido ne a kan haggis, abincin kayan cikin tunkiya da kowa ya ji labarinsa. Amma haggis ba ya ɓoye kansa, sunansa na nan ɓaro-ɓaro a takarda. Abin da ke kama mutum shi ne romon da aka dafa miya da shi, da giyar da aka zuba a ƙullun kifi, da kitsen da aka yi suya da shi. Ba a rubuta su, sai an tambaya. A nan wannan bayani zai fi tsayawa.

Abin da za ka tanada

- Waya mai intanet da adireshin imel, domin yawancin wuraren ta shafinsu ake kama tebur.
- Katin banki. Wasu wurare ba sa karɓar tsabar kuɗi sam. A matsakaicin wuri ka ware wa kowane mutum fam 40 zuwa 60 idan za a ci kashi uku, wato na buɗe baki da babban abinci da abin zaƙi, manyan wurare kuwa sun fi haka nesa ba kusa ba.
- Takalmi mai riƙe ƙasa. Titunan daɓen duwatsu ne, da an yi yayyafi sai santsi.
- Rigar ruwa mai hula. Lema ba ta daɗewa a iskar tudun nan.
- Jadawalin lokutan salla na ranar.
- Tambayoyinka uku ko huɗu a rubuce cikin waya da Turanci, don kada ka manta idan mai sabis ya tsaya a kanka.

Batun sutura ba shi da wahala. Riga da wando masu tsabta sun wadatar, kuma kaftani da hula ko abaya da mayafi ba mai ɗaga maka ido. Babbar riga ce kawai za ta wahalar da kai a matakalar da ba ta wuce faɗin kafaɗa ba.

1. Zaɓi wuri ta hanyar karanta menu ɗinsa

Kada ka zaɓa da hoton gini. Buɗe shafin gidan abincin ka nemo menu, wato jerin abincinsu da farashi, ka ƙirga abin da za ka iya ci. Idan ka samu aƙalla miya ɗaya ta kifi, babban abinci biyu na kifi ko na ganye, da abin zaƙi ɗaya marar giya, wurin ya yi. Idan duk layin da ka karanta sai ka ci karo da bacon (naman alade) ko whisky (giya) ko black pudding (daskararren jini), wuce gaba.

Ka bambanta gidan abinci da mashaya mai sayar da abinci, wadda suke kira pub. Duka biyun suna sayar da giya, wannan kam kusan ba makawa a wuraren gargajiya, amma a gidan abinci kana zaune a teburinka ba ruwanka da kantar masu sha. A mashaya hayaniya ta fi yawa, sau da yawa kai za ka tashi ka je kanta ka yi oda ka biya kafin a kawo. Wuraren da ke bakin titi da mai rarraba takarda a ƙofa sun fi tsada kuma ba lalle su fi daɗi ba. Sau da yawa na kirkin suna cikin lungunan da ake kira close, waɗanda suka tsaga daga Royal Mile hagu da dama kamar ƙayar kifi.

2. Kama tebur, ka kuma aika saƙo

A ranakun aiki kwana biyu zuwa uku sun isa. Juma'a da Asabar da dare ka ba da mako guda ko biyu. Watan Agusta, lokacin bukukuwan wasanni na Edinbara, garin cika yake yi maƙil, haka ma ƙarshen Disamba lokacin bikin sabuwar shekara da suke kira Hogmanay, da daren 25 ga Janairu da ake tunawa da mawaƙinsu Robert Burns. A waɗannan lokuta sai da makonni.

Wurare da yawa za su nemi lambar katinka, wasu har kafin alƙalami. Karanta sharaɗin sokewa, domin idan ba ka zo ba kuma ba ka sanar a kan lokaci ba, za su cire kuɗi a kan kowace kujera. Akwai kuma iyakar zama, yawanci awa ɗaya da rabi zuwa biyu ga mutum biyu.

Akwai gurbin saƙo a takardar kama tebur. Kada ka bar shi fayau. Rubuta cewa ba ka cin naman alade da jini, ba ka son abin da aka dafa da giya, kuma za ka ci kifi ko abincin ganye. Kuskuren da aka fi yi shi ne a rubuta kalmar halal kaɗai a yi shiru. Mai karanta saƙon zai iya amsa maka da cewa ba su da nama halal, magana ta ƙare, alhali rabin abin da ke kicin ɗinsu ya halatta gare ka.

A cikin saƙon ka tambayi matakala idan akwai dattijo ko mai keken guragu ko keken jariri a tawagarka. Tsofaffin gine-ginen nan doka na kare su, ba a fasa bangonsu yadda aka ga dama, shi ya sa da yawansu ba lif, ɗakin cin abincin na iya kasancewa a ƙarƙashin ƙasa, banɗakin kuma a wani hawa daban. Idan da yara, tambayi har ƙarfe nawa aka yarda su zauna, don lasisin wasu wuraren ya ƙayyade.

3. Daidaita lokaci da salla da aljihu

Rana a Edinbara ba ta da tsayayyen hali. A Disamba tana faɗuwa wajen ƙarfe 3:40 na yamma, a Yuni kuwa sai wajen 10 na dare. Ke nan da hunturu ka yi magariba da isha'i ka tafi cin abincinka hankali kwance, da bazara kuma teburin ƙarfe 7 zai ƙare tun rana ba ta faɗi ba. Watannin tsakiya ne ke rikitarwa. Babban masallacin garin yana Potterrow kusa da jami'a, tafiyar minti 10 zuwa 15 a ƙafa daga Royal Mile.

Mai son rage kuɗi ya je da rana, ko ya nemi abincin farkon yamma da ake yi wa masu zuwa kallon wasa, wajen ƙarfe 5 zuwa 6:30. Abinci kashi biyu ne ko uku a kan farashi guda, daga kicin ɗaya da kuku ɗaya. Kada kuma ka yi lissafin cin dare irin na gida. Kicin da yawa sukan daina karɓar oda tsakanin 9 da 10. Idan da rana ka je kusa da ganuwar, za ka ji ƙarar igwa daidai ƙarfe 1, ban da Lahadi. Al'ada ce tun 1861, ka ci gaba da cin abincinka.

4. Isa wurin

Daga tashar jirgin Waverley hawa ne, ko ta Cockburn Street mai lanƙwasa ko ta matakalar Fleshmarket Close mai cire numfashi. Ƙara minti 10 a kan abin da taswirar waya ta ce. Sunan lungu yana rubuce a saman bakin shigarsa, ɗaga kai ka duba, domin taswira takan ajiye ka a babban titi alhali ƙofar na can ciki. Yawancin wurare minti 15 suke riƙe tebur. In ka ga za ka makara, buga waya.

Da ka shiga, tsaya a bakin ƙofa ka faɗi sunan da aka kama teburin da shi. Ba a zaɓar wa kai kujera. Sunkuya a ƙofofin ciki, mutanen da suka gina su ba su yi lissafin dogaye ba. Ɗakin zai yi duhu-duhu, wani wurin kyandir ne kawai a tebur, ba laifi ka haska menu da waya na ɗan lokaci. Taba haramun ce a cikin irin waɗannan wurare a Sikotland tun 2006.

5. Abin sha

Shi za a fara tambayarka. Ka ce "tap water", ruwan famfo ke nan, kyauta ne, kuma doka ta wajabta wa duk mai lasisin sayar da giya ya ba da shi. Idan ka ce ruwa kawai, za a iya kawo na kwalba a sa a lissafi. Mai son ɗanɗana na gida ya nemi Irn-Bru, lemon kwalba mai launin lemu da 'yan ƙasar ke ji da shi, ba giya a ciki. Ginger beer ma yawanci lemon citta ne duk da sunansa, amma akwai mai sa maye, saboda haka ka tambaya. Jerin giya da aka ajiye maka, miƙa shi ka ce ba ka buƙata, za su kwashe har da kofunansa.

6. Karanta menu da idon basira

Abincin kashi uku ne: na buɗe baki, babban abinci, sai abin zaƙi. Ba dole ka ci ukun ba, biyu ma daidai ne.

Fara da haggis. Kayan cikin tunkiya ne, zuciya da hanta da huhu, a dafa a niƙa, a haɗa da albasa, kitse, gishiri, masoro da garin hatsin ots, wanda muka fi sani da kwaker. A asali cikin tumbin tunkiya ake ɗurawa a dafa awanni, yanzu yawanci cikin wata leda ta musamman. Ga wanda ya taso da farfesun kayan ciki babu abin tsoro a nan, Turawan wasu ƙasashe ne ke yamutsa fuska. Matsalar Musulmi ita ce yanka, sannan wasu kamfanoni suna sa kayan cikin alade ko kitsensa. Hukuncin yankan ma'abota littafi a Turai magana ce da malamai suka saɓa a kanta, ka warware ta da malaminka tun kafin ka zauna a tebur. Mafita mai sauƙi ita ce haggis na ganye, wanda ake yi da wake, ots, karas, albasa, wani lokaci da 'ya'yan itace masu ɓawo irin su gyaɗa. Kusan kowane gidan gargajiya na da shi, kuma ƙamshin masoro da ots ɗin bai bambanta sosai da na naman ba. Ana kawo shi da neeps da tatties: tatties dankalin turawa ne da aka dame da man shanu, neeps kuma wata saiwa ce mai launin ruwan ɗorawa, ɗanɗanonta ya ɗan yi kusa da kabewa. Abin lura, miyar da ake malala wa haggis yawanci ta wiski ce da kirim. Ka ce a bar ta.

A miyoyi, Cullen skink ce gwanar. Cullen sunan wani ƙauyen masunta ne a arewa maso gabashin ƙasar, miyar kuma ta bandar kifin haddock ce da dankali da albasa da madara. Tana da kauri, tana da ƙanshin hayaƙi, kwano ɗaya da burodi ya kusa ƙosar da mutum. Tambayi ko an sa ruwan inabi mai sa maye ko bacon, don wasu masu girki na ƙarawa. Wadda ta fi yaudara ita ce miyar lentil, wani ƙaramin wake ja. A ido ba nama ko tsoka ɗaya, amma a al'adar Sikotland da ƙashin cinyar alade ake dafa romonta. Scotch broth da naman tunkiya ake yi, cock-a-leekie da kaza.

Kifi da sauran halittun ruwa su ne arzikin ƙasar, kuma a mazhabar Malikiyya duk sun halatta. Sai dai abokan tafiyarsu:

- Scallops, wani nama fari mai taushi daga cikin ɓawo, sau da yawa a kan black pudding ake ɗora shi. Black pudding kuwa jini ne aka daskarar da ots da kitse. Kalmar Stornoway a menu yawanci shi take nufi.
- Mussels, wasu halittun ruwa masu baƙin ɓawo, yawanci da farar giya ake dafawa.
- Soyayyen kifi da dankali, sau da yawa da giya ake kwaɓa ƙullun, wasu kuma da kitsen saniya suke suya. Ka ce a gasa maka kifin ba ƙullu.
- Smoked salmon, wato bandar kifin salmon, iri biyu ne. Na hayaƙi mai sanyi yankan siriri ne, ja, mai santsi, a baki kamar ɗanye. Mai tsammanin banda irin ta Baga zai sha mamaki. Nemi na hayaƙi mai zafi, ko Arbroath smokie, bandar kifin haddock, su ne suka dahu har suna ɓarewa.

Balmoral chicken sunan da ba ya nuna komai, amma kaza ce da aka cusa wa haggis aka naɗe da naman alade aka zuba miyar wiski. Steak pie sau da yawa da giya ake dafa namansa, haka ma naman barewar dajinsu da jar giya. Kalmomin ham, gammon, pancetta, chorizo da lard duk alade ne. Ale, stout, wine, sherry, port da Drambuie duk giya ne.

Alamar V a gefen abinci na nufin ba nama ba kifi. Ba ta nufin ba giya.

7. Yin oda

Rufe menu ka ajiye, wannan ce alamar ka shirya. Ba a tafa hannu, ba a yin tsaki ko ƙyasta yatsa don kiran mai sabis. Haɗa ido da shi ka ɗan ɗaga hannu. Ka yi odar na buɗe baki da babban abinci lokaci guda, abin zaƙi sai daga baya.

Tambaya ta zama a kan abinci guda: da wane romo aka yi wannan, akwai giya a miyarsa, da wane mai aka soya. Idan ya ce bari ya tambayo kicin, alama ce mai kyau. Idan ya ce ai giyar ta ƙone a wuta, ka gode masa ka ce duk da haka a canza, domin dahuwa ba ta kore ta gaba ɗaya. Dokar Birtaniya ta tilasta musu bayyana abubuwa 14 da ke tayar wa wasu mutane da rashin lafiya, cikinsu har da gyaɗa, madara, ƙwai, kifi da riɗi, amma alade da giya ba sa cikin jerin, shi ya sa takardar da za su nuna maka ba za ta amsa tambayarka ba. Turancin Sikotland yana da nauyi a kunnen baƙo. In ba ka gane ba ka ce a maimaita, kada ka gyaɗa kai don kunya.

8. A kan tebur

Shimfiɗa adikon a cinya. Cokula da wuƙaƙe daga na waje ake farawa a shigo ciki. Ƙaramin farantin hagu na burodinka ne, kofuna na dama. Su suna riƙe cokali mai yatsu da hagu, wuƙa da dama. Mai son ci da dama ya yanka loma uku ko huɗu, ya ajiye wuƙar, ya mayar da cokalin dama. Ba wanda zai kula. A jira a kawo wa kowa kafin a fara, kuma idan an ce farantin da zafi, da gaske ake.

Abincin ba barkono. Daɗinsa na man shanu ne da hayaƙi da masoro. Ɗanɗana tukuna kafin ka nemi gishiri, don bandar kifi ta riga ta sha shi. Za ka iya neman dakakken barkono ko Tabasco, galibi akwai. Ɗan ƙullin yaji a aljihu ba zai jawo faɗa ba idan aka barbaɗa a natse, amma a kan Cullen skink ɓarna ce, yana kashe ƙanshin kifin.

Bayan loma biyu ko uku mai sabis zai dawo ya tambayi ko komai lafiya. Wannan ne lokacin magana. In ka hango ɗan jan nama a kan kifinka, faɗa nan take za a canza, ba bayan ka cinye rabi ba. Idan ka gama, jera wuƙa da cokali tare a tsakiyar faranti. In ka bar su a warwatse za a ɗauka kana ci, ka yi ta zama.

9. Abin zaƙi

Cranachan shi ne na gargajiya: kirim da aka buga, zuma, gasasshen ots, jajayen 'ya'yan raspberry, da wiski ɗanye wanda bai ga wuta ba. Idan a lokacin ake haɗawa za su iya yi maka ba wiski, in kuwa tun safe aka haɗa, haƙura. Clootie dumpling, wanda ake dafawa a ƙulle cikin ƙyalle, da kitsen dabba ake yinsa a al'ada. Sticky toffee pudding da dabino ake yi, yawanci lafiya lau, sai dai a tambayi miyar. Shortbread gari ne da man shanu da sukari kawai, tablet kuma alewar madara ce sak, sai dai ta fi tamu zaƙi. Ɗayansu da shayi ya isa rufe ciki.

10. Biyan kuɗi

Ba a kawo lissafi sai ka nema. Duba ƙasan takardar ko akwai "service charge", ladan hidima, wanda yakan kama kashi 10 zuwa 12.5 cikin ɗari. A lissafin fam 80, fam 8 ke nan zuwa 10. In yana ciki, ba sai ka ƙara tukwici ba, kuma nan ne mutane ke biya sau biyu, domin na'urar katin na iya sake tambaya. In babu, kashi 10 ya yi. Haraji yana cikin farashin menu tun asali. Idan kowa zai biya nasa, faɗa kafin a kawo na'urar, za su raba.

Wanda ya biya da tsabar kuɗi zai iya samun canji da takardun Bank of Scotland, Royal Bank of Scotland ko Clydesdale Bank. Fam ne cikakke, amma wasu shaguna a Ingila na ɗari-ɗari da su, 'yan canji a gida kuwa ba lalle su karɓa ba. Kashe su kafin ka bar ƙasar, ko ka roƙi a ba ka na Bank of England. Ragowar abinci za ka iya cewa a ƙunshe maka. Idan mota za ka kira, fito babban titi ka tsaya, don ba motar da ke shiga lungu.